Sa Hannun Majinyaci: Shaida Ce ko Bara'a?

A ƙasar Ingila, idan ciwo ya kama mutum cikin dare iyalinsa suka buga 999, lambar neman agaji da aka fara a Landan tun 1937, ba kowane zuwan motar asibiti ne ke ƙarewa da tafiya asibiti ba. Sau da yawa ma'aikatan agajin gaggawa sukan auna bugun zuciyar majinyaci da hawan jininsa, sa'an nan kafin su tattara kayansu su miƙo masa takarda, ko ɗan allon kwamfuta da ake zanawa da yatsa, ya sa hannu shaidar an bar shi a gida. A ƙarƙashin wannan ɗan zane, wanda ba ya cin daƙiƙa biyar, akwai mas'alar da fuƙaha'u suka daɗe suna juyawa: shin mutum yana da ikon sauke alhakin ransa daga wuyan wani ya ɗora wa kansa, in kuwa yana da shi, bisa wane sharaɗi?

Amma batun cewa baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin magani, wannan yana da asali mai ƙarfi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa a jinyar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wafati a cikinta, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu ishara su bari, su kuwa suna zaton ƙin magani ne irin na kowane marar lafiya; da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da baffansa Abbas, domin shi bai halarta ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta sharɗanta izinin majinyaci matuƙar ahliyyarsa cikakkiya ce, sai fa a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari, ko cutar da ake tsoron ta yaɗu ga jama'a.

Turawan ma, ta tasu hanyar, nan suka ɓullo. A 1993 wani alƙali a Ingila ya hana likitoci yanke ƙafar wani dattijo ɗan shekara 68 da ke tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor, ko da yake ƙafar ta soma ruɓewa, domin ya tarar mutumin, duk da larurarsa, ya fahimci abin da aka gaya masa, ya auna, ya zaɓa. Dokarsu ta 2005 kuwa ta tabbatar cewa ana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasi, kuma ba a yanke wa mutum hukuncin rashin hankali don kurum ya zaɓi abin da masu hikima ke gani wauta ne.

To, inda nake da ja shi ne wurin takardar kanta. Ayar bashi, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, da ta yi umarni da rubutu sai ta sa wanda haƙƙi ke kansa ya zama shi ne mai shifta, magatakarda yana rubutawa, in kuwa wawa ne ko mai rauni, waliyyinsa ya yi shiftar da adalci. Ashe ke nan rubutu bawa ne ga maganar da ta gabace shi. Amma takardar motar asibiti wasu ne suka shirya ta a ofis tun kafin majinyacin ya kwanta, kuma ba na jin sun rubuta ta ba tare da tunanin ranar ƙara a kotu ba.

Mu ƙaddara tsohuwa ce ta faɗi a banɗaki da ƙarfe uku na dare, aka ɗaga ta aka zaunar a kujera, tabaraunta yana can ɗakin kwana, tana jin kunyar ta tayar da mutane, ta kuma ji labarin yadda akan shafe sa'o'i ana jira a asibiti. Aka ce mata, "Ko kin fi son ki zauna a gida?" Ta ce i, ta ja yatsa mai rawa a kan allo. Idan an bayyana mata da harshen da take ganewa cewa buguwar kai ga mai shan maganin tsinka jini tana iya kawo zubar jini a cikin kai bayan sa'o'i, ta maimaita da bakinta, aka gaya mata alamomin da in ta gani ta sake kira, to wannan yarda ce sahihiya, ma'aikacin kuma ya sauke amana. Idan kuwa ba a yi haka ba, abin da aka samu zane ne kawai. Mafi muni shi ne inda ma'aikacin ne da kansa ya ga babu buƙatar tafiya, wanda sau da yawa ijtihadi ne mai kyau, amma ya rubuta cewa majinyaci ne ya ƙi, ya jingina nasa ra'ayin ga wanda ba shi da ilminsa.

Kada kuma mu ɗauka abin na Turai ne kaɗai. A asibitocinmu nan Arewa, mutum nawa ne suka sa hannu ko suka dangwala yatsa suka ɗauke ɗan'uwansu daga gado, takarda ta ce sun ƙi shawarar likita, alhali kuɗin magani ne ya ƙare? Imamu Malik bulala ya sha a Madina saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, mu kuwa mabiya mazhabarsa ne, bai kamata mu kira abin da talauci ya tilasta da sunan zaɓi ba.

Saboda haka hukuncina shi ne takardar shaida ce a kan zancen da aka yi, ba bara'a ba ce. Kai kuwa mai karatu, ran da aka miƙo maka irinta, sa a karanta maka ita tukuna, ka tambaya a fili: ni ne na ƙi tafiya, ko ku ne kuka ga in zauna?