Shin faɗuwar darajar gida cuta ce?

Dokar tsara gari ita ce ke faɗa wa mai fili abin da zai iya ginawa a kansa: hawa nawa, iyali nawa, da mafi ƙanƙantar fulotin da aka yarda a yanka. A Amurka ta samu gindin zama a 1926, lokacin da Kotun Ƙoli ta halatta ta a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio. Daga nan aka keɓe galibin filayen zama a biranen ƙasar ga gida ɗaya mai iyali ɗaya. Duk sa'ad da hukuma ta nemi sassauta ƙa'idar don a gina gidajen jeri, wato siraran gidaje masu hawa biyu ko uku da ke manne da juna, sai zauren taron unguwa ya cika maƙil. Tambayar da ke ƙarƙashin hayaniyar tsohuwa ce: wane iko maƙwabci yake da shi a kan filin da ba nasa ba?

Birnin Houston na jihar Texas ya fi ko'ina nuna yadda abin yake. Mazaunansa sun ƙi amincewa da irin wannan doka ta rarraba unguwanni har sau uku, a 1948 da 1962 da 1993, amma birnin yana da ƙa'idar girman fuloti. A 1998 aka rage ta a tsakiyar gari daga ƙafa 5,000 murabba'i, daidai da fuloti mai ƙafa 50 da 100, zuwa ƙafa 1,400. A 2013 aka faɗaɗa sassaucin zuwa sauran sassan birnin. Inda gida ɗaya yake a da, uku suka tashi, kuma an gina dubun-dubatar irinsu.

Koke-koken da suka biyo baya iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna. Mai babban gida yana tsoron cunkoso ya karya darajar gidansa. Ɗan haya da dattijon da ke tsohuwar unguwa kuwa tashin farashi suke tsoro. Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. Filin da zai ɗauki gida uku ya fi wanda zai ɗauki ɗaya tsada, don haka ƙasa takan tashi. Kowane ɗaya cikin ukun ya fi sabon gida mai cin fuloti guda araha, amma ya fi tsohon gidan da aka rushe tsada nesa ba kusa ba.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tsefe mas'alar cutar da gini ke yi wa maƙwabci, bisa hadisin da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya hana cuta da ramuwar cuta. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta kan hukunce-hukuncen gini. Abin lura a aikinsu shi ne ba kowace damuwa suka kira cuta ba. A Mukhtasar na Khalil, ana hana hayaƙin gidan wanka, da warin majema, da tagar da ke leƙa cikin gidan wani, da shagon da aka buɗe daidai ƙofar maƙwabci. Tsawon gini shi kaɗai ba a hana shi, haka tare haske ko iska, sai in masussuka ce iskar za ta yanke wa. Ibn Asim na Garnaɗa, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalan ƙasar Hausa suka sani sarai, ya ƙara da cewa in sabon gidan gashin burodi ya rage wa tsoho ciniki, babu mai hana shi.

Bisa wannan ma'auni, hujjar mai tsoron faɗuwar farashi ba ta da ƙarfi. Daraja ba a jikin bango take ba, kasuwa ce ke yanke ta, kuma wani kaso nata ya samo asali ne daga ƙarancin gidajen da ita kanta dokar ta haifar. Wanda ya ce yana da haƙƙi a kan wannan kaso, haƙƙin hana wasu shigowa yake nema. Su waɗannan wasun, malamar asibiti ko direban bas da ke tafiya mai nisa kullum zuwa aiki, ba sa halartar taron unguwa, domin ba su riga sun zama 'yan unguwar ba. Adalcin da ake yankewa da muryar waɗanda suka riga shiga kaɗai yana da tawaya tun daga tushe.

Wannan bai wanke magina ba. Tagar hawa na uku da ke kallon tsakar gidan wani cuta ce da sunanta. Haka ruwan sama da aka toshe wa hanya da siminti ya malala gidan maƙwabci, abin da ba wasa ba ne a Houston, birnin da ambaliyar guguwar Harvey ta shafa a 2017. Sai dai maganin waɗannan yana cikin yadda ake ginin: a ɗaga taga ko a toshe ta, a haƙa magudana.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta tsofaffin unguwannin baƙar fata na Houston kamar Third Ward da Freedmen's Town, wadda 'yantattun bayi suka kafa bayan 1865. Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutane, ta dogara sosai ga harajin gidaje, saboda haka tashin darajar ƙasa yakan iso wa talaka a takardar haraji, ko da bai yi niyyar sayarwa ba. A nan babu hayaƙi, babu wari, babu wanda ya taɓa bangon kowa, amma mutum yana iya rasa unguwar da aka haife shi. Hukuncin maƙwabtaka bai kai nan ba, nauyin yana wuyan hukuma. Jihar ta taƙaita ƙarin ƙimar harajin gidan da mai shi ke zaune a ciki zuwa kashi 10 cikin 100 a shekara, amma wannan kariya ba ta rufe ɗan haya.

Saura batun shuf'a, wato fifikon sayen rabon da aka sayar wa bare. Hanafiyya sun bai wa maƙwabci na jikin bango wannan haƙƙi, Malikiyya suka taƙaita shi ga abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba. Duka ɓangarorin sun haɗu a kan sharaɗi guda: mai son hana baƙo shiga sai ya biya kuɗin da baƙon ya biya. Dokar tsara gari takan ba da irin wannan iko kyauta. Houston ta ɗan kusanci tsarin shuf'a, domin ta yarda masu gidajen layi guda su nemi a bar musu manyan fulotansu na wasu shekaru, su kuma haƙura da ƙarin kuɗin da filayensu za su yi in an yarda a yanka. Sa hannun masu mallaka ake ƙirgawa a wannan buƙata, ba na 'yan hayar da ke zaune a layin ba.