Hutun Inna: Alheri Ne Ko Cuta?

Jama'a, akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin raina, na ga ya kyautu in baje ta a wannan fili, ko Allah ya sa malamai da 'yan'uwana ɗalibai su taya ni warware ta. Tambayar kuwa ita ce, shin mutum yana iya cutar mahaifiyarsa da alheri?

Ni mutumin Kajiji ne, cikin ƙasar Shagari ta Jihar Sakkwato. Sa'ad da na buɗe ido na tarar Inna ba ta da lokacin zama. Ita ce sussuka, ita ce surfe da daka, ita ce jan ruwa a rijiya, ga kiwon awaki. Abincinmu kuwa bai wuce fura da nono da rana ba, da dare tuwon gero ko na dawa, miyar kuka ko kuɓewa da daddawa. Da yayana ya sami aiki a Sakkwato, sai muka ce lokacin sakayya ya yi. Inji ya karɓi aikin turmi, surukai suka karɓi murhu. Kowane ƙarshen wata ga buhun shinkafa, ga katon ɗin taliya, ga sukari da madarar gwangwani, lemon kwalba kuwa ba ya yankewa a ɗakinta. Ko barka za ta a bayan gida, sai an kira mai babur. Kafin shekara biyar Inna ta yi jiki, mata suna ta cewa, "Kai, wance ta haifu, dubi yadda ta murje!" Mu kuwa sai daɗi ya kama mu.

Tana da shekara 52 ƙishirwa ta matsa mata, ga yawan fitsari da dare, ga ciwon kai. Muka kai ta asibiti a Sakkwato. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan awon jini sai aka kawo magwaji irin na tela aka auna ƙugunta. Likita ya ce abubuwa uku sun haɗu mata: teɓa, hawan jini da hawan sukari.

Daga baya na bincika na gane cewa wannan haɗuwa tana da suna. Likitoci suna ce mata metabolik sindirom, ni kuwa na laƙaba mata taron dangi, domin cututtuka ne suke haɗa kai su far wa jiki ɗaya. Wani likitan Amurka, Gerald Reaven, shi ya jawo hankalin duniya gare ta a 1988. A 2009 manyan ƙungiyoyin likitoci suka daidaita a kan alamu biyar, wanda ya tara uku ya shiga ciki. Ga mace su ne: faɗin ƙugu, wanda ma'aunin da aka fi bi a ƙasashenmu ya sa santimita 80, awon jini 130 bisa 85 ko fiye, sukarin jini 100 ko fiye kafin karin kumallo, yawan wani kitse a jini, da ƙarancin kitsen nan mai amfani wanda yake share jijiyoyi. Tushen abin shi ne jiki ya daina jin maganar insulin, watau sinadarin da yake shigar da sukari inda za a ƙone shi. Ƙarshensa kuwa ciwon sukari ne, ko na zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Mace tsakanin shekara 45 da 55, lokacin ɗaukewar al'ada, kitse yakan bar cinyoyi ya koma ciki. Ashe daidai lokacin da jikin Inna ya fi bukatar motsi, a nan ne muka zaunar da ita muka tura mata zaƙi.

To, laifin wa? Wani zai ce babu laifi, tun da niyyarmu kyakkyawa ce. Na yarda da rabin wannan magana. Wanda bai sani ba yana da hanzari, amma hanzarin yana ƙarewa ran da sani ya zo. Kuma da na binciki zuciyata sosai, sai na ga niyyar ma ba tsantsa ba ce. Ƙibar Inna tutarmu ce a gari, shaida ce cewa 'ya'yanta sun sami abin hannu. Mu Hausawa mun ɗauki ƙiba ma'aunin jin daɗi, rama kuwa abin kunya ga miji da 'ya'ya, har ya kai wasu mata suna shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Rabin buhun shinkafar nan don Inna muka saya, rabi don idon mutane.

Wani kuma zai ce, watau so kake a mai da tsofaffi bakin turmi? Ko kusa. Wahalar da iyayenmu mata suka sha ba abin yabo ba ce, ta karya bayan da yawa daga cikinsu. Amma tsakanin wahala da zaman dirshan akwai fili mai faɗi. Mu mun ɗauke mata nauyi, muka haɗa da motsi muka ɗauke.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga bakin Inna ta fito. Ran da na ɗauke gwangwanin sukari daga ɗakinta, sai ta dube ni ta ce, "Kai yaro, wahala munka sha tun muna ƙanana. Yanzu da Allah yak kawo sauƙi, kai ne za ka yi mani rowa?" Na rasa amsa. Jikin nata ne, kuma ɗa ba ya zama alkalin uwarsa. Na gane ƙwace gwangwani rashin ladabi ne, kamar yadda cika shi a yi shiru ha'inci ne. Abin da ya rage shi ne in gaya mata gaskiya cikin ladabi, in kuma sauƙaƙa mata bin ta.

Haka muka yi. Maimakon a ware mata tukunya kamar mai laifi, sai gida duka ya sauya. Fura ta koma ba sukari. Malmalar tuwo ta ragu, miyar zogale da rama da wake suka ƙaru. Aka rage gishiri da dunƙule, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Hukumar ta kuma ce babba ya sami motsi na aƙalla minti 150 a mako. Dattijuwa a Kajiji ba ta fita yawo haka kawai a ce motsa jiki take yi, sai a yi da ita. Amma wa zai zargi mai zumunci? Sai ta koma zuwa barka da gaisuwa da ƙafa, muka kuma mayar mata da awakinta. Maganin likita tana sha, awo kuma ba ta fashi. Wannan ba tatsuniya ba ce: wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna gyaran abinci da motsi sun rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda suke bakin kamuwa.

Da ta fara faɗawa, sai magana ta tashi a gari, wai ko 'ya'yan sun daina kula da ita. Wannan ya yi mana zafi, ba na ɓoyewa. Amma a nan ne na sami amsar tambayata. Alherin da ba ya iya jure zargin mutane don lafiyar wanda ake yi wa, to, da saura, bai cika alheri ba.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne masu albashi, mu ne masu aika tsaraba gida. Kafin ka ɗora katon ɗin lemo a mota, tambayi kanka yaushe rabon da a auna jinin Inna da sukarinta, ko da kuwa siririya ce, domin hawan jini ba ya sallama. Kada garin neman gira mu rasa ido. Allah ya ja kwanan iyayenmu cikin lafiya, amin.