Bayan ka kai sara, ina hankalinka?

Ɗana, an ce mini zuciyarka ta kwanta da wasan takobin mutanen Japan da ake kira kendo, kuma ban ga laifinka ba, don duk yaron da ya ga mutum biyu cikin sulke da kwalkwali mai ragar ƙarfe, kowa riƙe da sandar gora yana ƙwala ihu, dole jininsa ya motsa. Amma zauna mu yi magana a kan abin da ido ba ya saurin kamawa, domin na san niyyarka mai kyau ce, mai kyakkyawar niyya kuwa shi ya fi dacewa a gaya wa gaskiya tun da sauran lokaci.

A gasar kendo alƙalai uku ne ke tsayawa, kowanne da tuta ja da fara. Wuri huɗu kaɗai aka yarda a kai wa hari: ka, wuyan hannu, kwiɓi, sai maƙogwaro da ake kai wa suka. To, saukar sanda a wurin ba ta isa a ba ka ci ba. Sai ihunka da saranka da takun ƙafarka sun haɗu a lokaci guda, sannan kuma a ga abin da suke kira zanshin, wato zuciyar da ta saura tare da kai bayan sara. Ka wuce abokin karawarka, ka juyo ka fuskance shi, sanda a miƙe, kamar ba ka yi komai ba tukuna. In kuwa murna ta kwashe ka har ka ɗaga hannu kana tutiya, alƙalai suna da ikon soke cin da suka riga suka ba ka. Ka sake karanta wannan, ɗana. Saran ya yi kyau, kowa ya gani, amma an karɓe shi saboda abin da mai shi ya yi bayansa.

Wannan doka tana da asali. A zamanin da samurai, mayaƙan Japan na dā, ke fafatawa da takobi na gaske, wanda ka sara ba lallai ya mutu nan take ba, hannunsa na iya tashi, kuma mutum nawa ne suka hallaka daidai lokacin da suka saki jiki suna ganin sun gama? A farkon ƙarni na 18 wani malamin takobi, Naganuma Kunisato, ya inganta sulke da sandar gora don almajirai su riƙa kai wa juna sara da ƙarfi ba tare da an zubar da jini ba. Haɗarin ya ragu, amma malamai ba su yarda a sassauta natsuwar ba, don sun san abin da suke renon ya wuce damtse.

Shi kansa wasan ya sha wuya. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, malamai da yawa suka rasa abin yi, sai rundunar 'yan sanda ta rungumi fannin bayan tawayen samurai na Satsuma a 1877. A 1895 aka kafa ƙungiyar Butokukai a Kyoto don adana shi. Sai dai a shekarun 1930 da farkon 1940 an mayar da shi makamin cusa wa yara son yaƙi, ƙasar na ganin ta yi ƙarfin da ba mai tare ta, kuma ka san yadda abin ya ƙare. Bayan an ci Japan a 1945, mahukuntan mamaya ƙarƙashin Amurka suka hana kendo, bai dawo sosai ba sai 1952 da aka kafa tarayyar kendo ta ƙasar. A ganina ba banza ba ne a 1975 wannan tarayya ta rubuta a fili cewa manufar kendo ita ce gyaran halin mutum. Wanda ya taɓa ƙonewa ya san zafin wuta.

Ga inda nake jiye maka, don na sha ganin haka. Yaro mai basira ba ya faɗuwa ranar wahala, a ranar yakan dage. Ranar da aka tafa masa ita ce abin tsoro. Ya ci jarrabawa sai ya raina malaminsa, ya samu ciniki sai ya daina gaishe da wanda ya koya masa, ya yi galaba a gardama sai ya ƙara da wulaƙanci, ya manta cewa wanda ya kayar yau shi ne ya ba shi jikinsa ya koyi sara a kai. Ba kai kaɗai za ka iya kendo ba, dole wani ya tsaya maka, shi ya sa ake rusuna masa kafin a fara da kuma bayan an gama, kuma ba a tsallake sandar kowa a ƙasa, ko da ta ƙaramin yaro ce.

Kada kuma ka yi gaggawa. A matakan kendo, matsayi na takwas, wanda shi ne ƙololuwar abin da ake ba da shi ta jarrabawa yanzu, ba a neman sa sai mutum ya kai shekara 46, kuma galibi ya yi shekara 10 a matsayi na bakwai, masu cinyewa kuwa kusan ɗaya ne cikin ɗari. Dattawa masu furfura sukan faɗi, su koma ɗakin horo da asuba cikin sanyin hunturu, su dawo baɗi.

In Allah ya sa ka kalli gasa, ina roƙonka kada ka tashi da zarar an ɗaga tuta. Jira ka ga ƙarshen. Su biyun za su koma tsakiyar fili su tsuguna suna fuskantar juna, kowa ya mayar da sandarsa kwiɓin hagu kamar mai sa takobi a kube, alhali babu kuben, su ja da baya taku biyar, su rusuna, su fita shiru. Wanda ya shigo zauren a wannan lokaci ba zai iya nuna maka wanda ya ci ba.