Mai Hidimar Biki Ba Ya Kallon Rawa: Tsokaci Kan Rayuwar 'Yan Sa-kai a Tarukan Labaran Kimiyya

Gabatarwa

Akwai wata tsohuwar tambaya da masu hikima suka daɗe suna juyawa, wato wane abu ne ya cancanci mutum ya ba shi rayuwarsa. Idan aka ce wane ya ƙarar da ƙarfinsa wajen neman ilimi, ko jinyar marasa lafiya, ko noma domin ciyar da iyali, babu mai cewa uffan, domin amfanin waɗannan a fili yake. To amma yaya za mu ce game da mutumin da ya shafe shekara hamsin yana yi wa abin nishaɗi hidima, babu albashi, babu riba, har ma da kuɗin aljihunsa yake cikawa? Shin ya yi asarar rayuwa ne, ko kuwa akwai wata daraja a cikin aikinsa wadda idon mai lissafi ba ya gani? Wannan ɗan rubutu zai duba tambayar ta hanyar bin rayuwar wasu bayin Allah a Amurka, masoya ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda suka ɗauki shirya tarukan masoya irinsu a matsayin aikin sa-kai.

Su Wane ne Waɗannan Mutane?

Ƙagaggun labaran kimiyya su ne waɗanda ake ginawa a kan tafiya sararin samaniya, da halittun wasu duniyoyi, da na'urorin da ba a riga an ƙera ba. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ya ɗanɗani irinsu da harshen Hausa. A Amurka, wani mai suna Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a 1926, kuma ya riƙa sanya wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu. Wannan ɗan ƙaramin abu shi ya haifi jama'a guda, domin masu karatun sun fara rubuta wa juna wasiƙa, suka kafa ƙungiyoyi, suka shiga gurza 'yan mujallunsu na kansu suna aika wa juna ta gidan waya.

A watan Yuli na 1939 suka yi babban taronsu na farko na duniya a birnin Niyok, inda kimanin mutum 200 suka halarta. In ban da shekarun 1942 zuwa 1945 da yaƙin duniya ya hana, taron bai daina zagayowa ba, kuma ya bunƙasa har wanda aka yi a Landan a 2014 ya sami mambobi fiye da 10,000. Abin mamaki a nan shi ne, babu kamfanin da ya mallaki taron. Kowace shekara wani rukunin masoya ne ke neman a ba garinsu, mambobi su jefa ƙuri'a, waɗanda suka ci su ɗauki nauyin kama ɗakunan taro, da yarjejeniya da masu otal, da tsara jawabai, da rajistar baƙi, da ƙidayar ƙuri'un lambobin yabo. Daga shugaban taro har mai tsaron ƙofa, 'yan sa-kai ne.

Uba da 'Yarsa

A taron 1953 da aka yi a Filadalfiya aka fara ba da lambar yabo ta Hugo, wadda ake ƙerawa da siffar roka. Wanda ya ƙera na farkon wani masoyi ne mai sana'ar sarrafa ƙarfe, Jack McKnight. Lokaci ya ƙure wa masu shiri, saboda haka ya duƙufa a wurin aikinsa yayin da taron ke gudana, har mafi yawansa ya wuce shi. Marubutan da ya yi shekaru yana karantawa sun zo garinsu, amma shi yana can yana gogar ƙarfe domin a miƙa musu.

A lokacin yana da 'ya mai shekara tara, Peggy Rae, wadda aka haifa a 1944. Ita ma ta taso cikin wannan jama'a, kuma a ciki ta yi rayuwarta duka. Mijinta na farko, Bob Pavlat, tsohon hannu ne a harkar, bayan rasuwarsa kuma ta auri John Sapienza, shi ma ɗan gida. Ita ce ta shugabanci taron duniya na 56 da aka yi a Baltimo a 1998, kuma tun a 1995 aka ba garin nasu, wato shekara uku cur tana ɗawainiyar taron kwana biyar, ban da shekarun da aka yi ana neman ƙuri'a. Ta taimaka wa Japanawa a taron Yokohama na 2007, wanda shi ne na farko a nahiyar Asiya. A 2014, tana da shekara 70, tana cikin shugabannin wani babban taron, sannan ta rasu a watan Maris na 2015.

Haka kuma akwai Bruce Pelz, ma'aikacin laburare a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wanda ya rayu daga 1936 zuwa 2002. Yana cikin mutum biyu da suka shugabanci taron 1972, kuma shi ne ya tsaya tsayin daka wajen tara kuɗi har ƙungiyar garinsu, wadda aka kafa tun 1934, ta sayi gidan taronta a 1973. Ya tara dubban 'yan mujallun nan da masoya ke gurzawa, waɗanda wasu ke ɗauka shara ce, bayan rasuwarsa kuwa aka kai su laburaren jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid, inda manazarta ke amfani da su.

Tuhumar da Ake Yi Musu

Mai suka zai ce, to, duk wannan ɗawainiya domin me? Mu da muka san gayya mun san dalilinta. Idan matasan gari suka taru suka nome gonar wani, hatsi ne zai fito, kuma gobe shi ma zai zo gonar wani, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mai hidimar taron labaran roka, me ya shuka, me ya girbe? Lokacin da ya ba wa lissafin kujeru da amsa wasiƙun baƙi, ai da ya ba wa marayu ko marasa lafiya. Wannan tuhuma ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Su kansu masoyan sun daɗe suna wannan gardama a tsakaninsu, har suka rabu gida biyu: masu cewa harkar hanyar rayuwa ce sukutum, da masu cewa abin sha'awa ne kawai na ɓata lokaci, kada kowa ya ɗauke shi da zafi.

A ganinmu tuhumar ta ginu a kan zaton cewa darajar hidima tana fitowa ne kacokan daga abin da aka yi wa hidimar. Wannan rabin gaskiya ne. Mu duba bikin aure a kowane gari namu. Amarya da ango da makaɗa su ake kallo, amma akwai matan da ke bayan gida tun asuba suna fama da tukwane da hayaƙi, da samarin da suka ɗauko tabarmi da kujeru, waɗanda su za su mayar bayan kowa ya watse. Yawancinsu ba sa ganin rawa, ba sa jin kirarin maroƙa. Ba wanda ya taɓa cewa sun yi asara domin biki ba ya warkar da cuta. Kowa ya san farin cikin jama'a ba ya faɗowa daga sama, sai wani ya haƙura da rabonsa kafin saura su samu. Jack McKnight yana cikin irin waɗannan. Son labaran ne ya kawo shi, amma da aka zo zaɓi tsakanin ya more ko a more ta dalilinsa, sai ya zaɓi na biyu. Wannan hali ɗaya ne ko a gona aka nuna shi ko a zauren taro, kuma sunansa sadaukarwa.

Daɗin daɗawa, girbin yana nan ga mai son gani. Yaron da ake yi wa dariya a makaranta saboda karatun da yake so ya sami dubban mutane da suka karɓe shi. Marubuta sun sami masu karatu da masu gyara musu. Lambar da aka fara ƙerawa a ɗakin aikin maƙeri ta kai ga Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya, wadda ta ci ta a 2016 da littafinta Binti. Takardun da Pelz ya ƙi zubarwa sun zama madogarar tarihin adabi.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa rashin karɓar kuɗi shi kaɗai yana tsarkake aiki. Mutumin da ba a biyansa da kuɗi yakan nemi a biya shi da wani abu daban, wato girma, da faɗa-a-ji, da ikon buɗe ƙofa da rufewa. Tun a taron farko na 1939 wannan ya bayyana, lokacin da masu shiri suka hana wasu masoya shida shiga saboda saɓanin ra'ayi, cikinsu har da Donald Wollheim da Frederik Pohl, waɗanda daga baya suka zama manya a fagen. Haka nan a taron 2023 na birnin Chengdu a ƙasar Sin, masu kula da lambar Hugo suka cire wasu ayyuka daga takara ba tare da bayyana dalili ba, har da littafin Babel na R. F. Kuang, alhali sun sami ƙuri'un da suka isa. Wasiƙun da suka fito fili a farkon 2024 sun nuna cewa an bi diddigin ra'ayoyin siyasa na marubutan. Masu wannan aiki 'yan sa-kai ne, wasunsu ma sun daɗe suna hidima. Daɗewar ba ta wanke su ba.

A shekarar da ta biyo, a taron Gilasgo na 2024, wasu 'yan sa-kan suka gano ƙuri'u 377 na bogi da aka jefa domin ɗaga wani ɗan takara. Suka soke su, suka fito suka yi wa mambobi bayanin abin da suka gani da abin da suka yi. Aiki iri ɗaya, rashin albashi iri ɗaya, amma ɗaya cin amana, ɗaya riƙon amana. A nan ne ma'aunin yake. Ɗan sa-kai ba shi da ubangidan da zai kore shi, ba shi da albashin da za a yanke, saboda haka babu abin da ke riƙe da shi sai halinsa. Shi ya sa irin wannan aiki yake fito da ainihin mutum fiye da aikin ofis.

Akwai kuma ma'auni na biyu, wanda ya shafi cikin gida. Kyauta tana zama kyauta ne idan daga abin hannun mai bayarwa ta fito. Wanda ya ba jama'a darensa da hutunsa ya yi kyauta. Wanda kuwa ya ba su kuɗin cefanen iyalinsa, ko lokacin da ya kamata ya zauna da ɗansa marar lafiya, ya yi kyauta da kayan wani ne, kuma yabon da aka yi masa a zaure haƙƙin na gida ne ya ci. Peggy Rae ta gaji hidimar daga mahaifinta ta kuma yi ta tare da mazajenta, wato gidan da aikin sun tafi hanya ɗaya. Ba kowa ke samun haka ba, kuma wanda bai samu ba wajibi ne ya san iyakarsa, domin tuwon girma miyarsa nama.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya cewa ƙanƙantar abin da aka yi wa hidima ba ta isa hujjar raina mai hidima ba. Tambayoyin da suka dace a yi masa guda biyu ne: shin ya riƙe amanar da jama'a suka damƙa masa a lokacin da babu mai ganinsa, kuma shin abin da ya bayar nasa ne? Idan amsar duka biyun i ce, to rayuwarsa ba ta tafi a banza ba, ko da labarin roka ya yi wa ɗawainiya. Wannan hukunci bai tsaya ga mutanen Amurka ba. Ya shafi ɗalibin da ke share zaure kafin a yi wasan kwaikwayo, da wanda ya kwana yana gyaran kurakuran rubutun wasu domin mujalla ta fito a kan kari, da ma'ajin ƙungiya da ke riƙe da 'yan kuɗin da ba wanda zai bincika. Sunayensu ba safai suke fitowa a bangon littafi ba, amma duk ranar da suka janye hannu, ranar ce za a san cewa da ma su ke ɗauke da rumfar.