Zanen Hannu Ba Ya Yanke wa Yaro Hukunci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya bambanta zanen yatsun bayinSa, har na tagwaye. A aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama, da daidaita kan yatsu Ya kafa hujja a kan ikonSa na tayar da matattu. Da wannan zane aka tantance masu jefa ƙuri'a a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura a zaɓen 2023.

To, shin zanen yana iya faɗin halin yaro? Akwai yara, kimanin 5 cikin 100 a duniya, waɗanda Allah Ya jarraba da lalurar rashin tattara hankali. Ba sa iya zama wuri ɗaya, ko a makarantar allo ko a ta boko. Tun da Harold Cummins ya raɗa wa ilmin zanen fata suna a 1926, masana ke bincike a kansa, domin zanen yana samuwa ne tun yaro yana ciki, kuma fata da ƙwaƙwalwa asalinsu ɗaya. Wasu sun ga ɗan bambanci idan aka kwatanta yara masu yawa, amma bai kai likita ya dubi tafin yaro guda ya ce yana da lalurar ba. Da halayensa a gida da makaranta ake gane ta.

Nan ne likita ya rabu da mai duba. Likita yana bin sababi, ya tsaya inda saninsa ya tsaya. Mai duba kuwa gaibu yake da'awa, alhali Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Haka kuma uban da ya ce ɗansa ba zai yi albarka ba don ya kasa zama, ya yanke hukuncin da ba nasa ba. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Ina dalilin bulala a kan abin da bai zaɓa ba? Haƙƙinsa shi ne a kai shi asibiti, a gajarta masa darasi, a yi masa addu'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da lallashi, kada ya karye.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, amin.