Wa Ya Kawo Tulun Kusa?

Karatu: Habakuk 2:15, Romawa 14:13-21

Idan mashayi ya mutu da kumburin ciki, idanunsa sun yi ɗorawa, mukan ce shi ya ja wa kansa. Akwai gaskiya a nan. Amma annabi Habakuk bai tsaya kan mai sha ba, ya juya ga wanda ya miƙa ƙwaryar.

Tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, Hisba tana farfasa kwalaben giya a birni. Ƙishirwar kuwa ba ta fashe ba. Ta bi hanya zuwa ƙauyukanmu na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, inda tun kakanni ake dafa burkutu don gayya da biki. A da sai an jiƙa dawa, an jira kwanaki. Yanzu ga mai ƙarfi a 'yar leda, kuɗinta bai kai na kwanon tuwo ba.

Kusanci da araha suna kisa. A 2018 ƙasar Sikotlan ta kafa farashin da ba a sayar da giya ƙasa da shi. An ƙiyasta cewa mace-macen da giya ke jawowa sun ragu da kusan kashi 13 cikin 100 idan aka kwatanta da yadda za su kasance ba tare da wannan doka ba, raguwar kuma ta fi yawa a unguwannin talakawa. Mu nan abin ya fi tsanani, domin da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta tun ƙuruciya ba su sani ba. Giya ta sauka kan irin wannan hanta, sai ta ƙanƙance ta taurare, shiru, shekara da shekaru.

To, ga inda abin yake da wuya. Mai dafawar sau da yawa gwauruwa ce, 'yar'uwarmu, da kuɗin take biyan makarantar marayu, har ta fitar da zakka. Mun karɓa, mun yi Halleluya. Ni dai ban ga yadda za mu tsawata mata ranar Lahadi, mu bar ta hannu wofi ranar Litinin ba. Ikkilisiyar da ta ce ta kife tukunya, ita ke da hakkin ba ta jarin ƙosai ko na ƙuli-ƙuli.

Kai da kake sayar mata da dawa kana sane, kai da kake ɗinke kan masu gayya da tulu, a wannan mako ka durƙusa ka tambayi Ruhu Mai Tsarki inda hannunka yake. Sa'an nan ka kama hannun ɗan'uwan nan da ƙafafunsa suka fara kumbura, ku je asibiti a gwada hantarsa.