Shirun Na'ura da Gaggawar Hukunci

A wani ofishi a Kafanchan, ana gobe za a miƙa sakamakon jarrabawa, kwamfuta ta sandare. Fuskarta na haske, amma kowane maɓalli aka danna ba ta amsawa. Tun ba a duba ko waya ce ta saki ba, sai mai ofis ya juya ga mai buga takardu ya ce, "Me kika taɓa?" Ta ce, "Yallaɓai, ban taɓa komai ba." Babu wanda ya gaskata ta, har da mu da ke tsaye muna jiran takardunmu.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa idan abu ya ƙi amsa mana muke neman mai laifi kafin mu nemi sanadi?

Mai gyara na ƙwarai ba haka yake yi ba. Yakan fara da wuta da wayoyi, ya saurari fanka ko tana juyawa, sannan ya ɗan dakata, domin sau da yawa na'urar ba mutuwa ta yi ba, aiki ne ya yi mata yawa, kuma duk dannawar da muke yi cikin fushi ƙara mata kaya muke yi. Mutanen Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa tun wajen 1927, sun san irin wannan tsayuwa. A zamanin da jirage ke kai-komo tsakanin Fatakwal da Kaduna da Jos a kan layi guda, jirgi kan tsaya cik a tasha lafiyarsa ƙalau, yana jiran wani ya wuce. Haka manhajoji biyu kan tsaya, kowace na jiran ɗaya ta sakar mata hanya. Sai bayan ya bi duk wannan ne mai gyara ke danna Ctrl da Alt da Delete ya rufe manhajar da ta maƙale. Kashe na'ura da ƙarfi shi ne na ƙarshe, saboda duk aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan.

Wani zai ce ai wani lokaci laifin mai aiki ne. Gaskiya ne. Amma mu tuna ranar 19 ga Yuli, 2024, da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma ga takarda da biro. Magatakarda nawa aka harara a safiyar nan kan laifin da aka yi a wata nahiya? An bar jaki ana dukan taiki, domin taiki ne ke kusa, kuma ba ya harbi. A ganinmu ba jahilci ne ya sa mai ofis ya yi wannan tambaya ba. Matar ce kaɗai a ɗakin da zai tuhuma bai yi asarar komai ba.

Da yamma wani yaro mai gyara ya zo, ya buɗe na'urar, ya tarar da ƙurar hunturu ta toshe fanka har zafi ya yi yawa. Ya hure ta, ya kunna, ta tashi. Mai ofis ya sallame shi da godiya. Matar kuwa ta zauna ta sake buga shafukan da suka ɓace har bayan magariba, mu kuma muka karɓi takardunmu muka fita ba mu ce mata uffan ba.